Zaren da Baba Ya Zaɓa

Lahadi, daga masaukinmu na birni

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kana lafiya, aikin madatsar ruwan nan bai gama tsotse ka ba. Ina fata kuma akawun ofishinku zai buga hoton takardar nan da na turo masa ta waya, tunda ba a barinku da waya a sansani, ya saka maka ita a motar kayan abinci ta gobe, kada ta kwana uku a kan teburinsa kamar ta wancan karon. Ni lafiyata ƙalau. Baba yana ci, yana barci, yana faɗa da kowa, ka ga kuwa jiki da sauƙi.

Jiya muka iso. Yawon shaƙatawa mai rangwame da ka biya mana, Allah ya saka da alheri, sai dai rangwamen ya tare mu tun daga bakin ƙofa. Ɗakunanmu suna hawa na huɗu, tagar tana kallon bangon maƙwabta, fanka kuma tana juyawa ne kawai don kada a ce ba ta zo aiki ba. Mu goma sha takwas ne a tawagar. Jagoranmu wani dogo ne da ba ya rufe baki sai ya ce "sauri-sauri", har sunan ya bi shi. Tsarin yana nan yadda ka gani: kwana uku sayayya a birni, kwana uku tattaki a kan duwatsu, ranar Juma'a da safe jirgin ruwa ya kwashe mu mu bi gaɓar teku.

Yau mun wuni a kasuwa. Sauran mutane suka nufi shagunan waya, Baba ya ja ni layin 'yan yadi kamar wanda aka haifa a can. Ka san shi: sai ya ɗauki yadi ya fita da shi bakin ƙofa, ya ɗaga shi a hasken rana kafin ya ce uffan. Ya saya wa kowa, har jikokin maƙwabta. Ya sayi zare guda sittin a kwali, kowane da kalarsa. Na ce, "Baba, kai da ka rufe shago bara, me za ka ɗinka?" Ya ce, "Ke dai riƙe mini, ba ki aka tambaya ba." A kan wannan muka ɗora jerin kayan da ka turo: leshin matarka guda uku, takalman yara, da tukunyar nan mai murfin gilashi.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Da la'asar Sauri-Sauri ya karanta mana ƙananan rubutun da ke bayan takardar biya. Ashe motarmu za ta sauke mu a gindin dutse ne ta juya. Wata motar ce za ta tare mu a ɗaya gefen, kuma kowa shi zai ɗauki kayansa a bayansa kwana uku. Yaya, Baba shekararsa saba'in da ɗaya, kayanmu kuma sun fi ni nauyi.

Na roƙi ofishinsu su cire mana hawan dutsen, su kai mu bakin teku mu jira jirgin. Suka ce wanda ya biya shi kaɗai yake da ikon canza tsari. Don Allah ka rubuta musu gobe-goben nan. Ka tuna tsohuwar kalandar da ke bayan keken ɗinkinsa, mai hoton teku shuɗi fes, wadda shekararta ta wuce tun ba a haife ni ba amma ya hana a cire? Saboda ruwan nan ya yarda ya fito, ba don kasuwa ko dutse ba. Likitan idonsa ya ce in akwai abin da Baba yake son ya gani, a kai shi yanzu. Ka karanta wannan layin sau biyu.

Ƙanwarka,
Auta

Litinin, daga sansanin aiki

Auta,

Na amsa sallamarki, na kuma ji daɗi da kuka isa lafiya. Ni ma lafiya lau, in ban da ƙugu da ke ɗan damuna saboda tsayuwa a kan siminti. Ki gaishe mini da Baba, ki ce na ji labarin zare sittin, na yi dariya har abokin ɗakina ya leƙo.

A tsaye na karanta takardarki, don direban motar abinci minti ashirin kawai yake yi ya juya. Maganar canza tsari, Auta, ke ma kin san halinki, tun kina ƙarama tudun bayan makaranta ma sai an goya ki. Na kira ofishin nasu daga wayar direban. Sun ce in an cire dutsen rangwamen ya tashi, sai a biya kusan ninki biyu, ni kuma sai ƙarshen wata hannuna zai buɗe. Sun tabbatar mini hanyar mai sauƙi ce, har tsofaffin mata suna bi.

Kuma ai ke da kanki kika ce likita ya ce a fita da shi ya ga duniya. To ga duniya nan. Iskar dutse za ta yi masa amfani, mutumin da ya yi shekara arba'in a sunkuye a kan keke. Teku ba gudu zai yi ba, ranar Juma'a yana nan yana jiranku. Kayan kuma ku raba, ki roƙi samarin tawagar su taimaka, ba a rasa na kirki.

Ki kula mini da leshin matata, don Allah, kada ruwa ya taɓa shi. Bikin ƙanwarta saura wata ɗaya, kuma na riga na yi mata alkawari. In kin ga jakar hannu mai kalar da ta dace, ki haɗa.

Allah ya dawo da ku lafiya.

Yayanki

Laraba da safe, daga masaukin farko a kan dutse

Yaya,

Gaisuwa. Muna raye. Iyakar lafiyar da zan iya ba ka labari ke nan.

Takardarka ta same ni jiya da yamma a kan wani falalen dutse bayan masauki, inda nan ne kawai waya take kamawa. Na karanta ta kafaɗata a saɓule saboda igiyar jaka. Jakar hannu mai kalar da ta dace. Wallahi da kana kusa da sai na manta kai ne babba.

Tunda layin da na ce ka karanta sau biyu ka karanta shi a tsaye, bari in faɗa maka a fili. Baba makancewa yake yi. Hawan jinin ido ne. Idon hagu ya tafi tun watan jiya. Na dama saura ɗan tsakiya, yana gani kamar mai leƙe ta kafar allura, kuma likita ya ce wannan ɗin ma maganin ɗigawa ne yake riƙe da shi, safe da yamma, ba fashi. Baba ne ya sa na rantse ba zan faɗa maka ba. Ya ce za ka ajiye aiki ka taho, yaranka su rasa makaranta. Shi ya sa na yi ta kewaye-kewaye ina fata za ka gane. Yau na karya rantsuwar, Allah ya yafe mini.

Jiya tafiyar awa huɗu mun yi ta a awa takwas. Samarin kirkin da ka ce, kowa da nasa kayan, sun wuce mu suna ɗaukar hoto. Baba yana riƙe da gefen jakata, ina faɗa masa, "Dutse a dama, rami a hagu." Sau uku yana faɗuwa. Kowane karo sai ya tashi ya ce takalmin ne. In Sauri-Sauri ya nuna wani tsauni ya ce a duba, Baba ne farkon mai cewa, "Kai, ya yi kyau." Sau ɗaya ma ba wajen yake kallo ba. Abin da ke cin raina ke nan, Yaya: ban san me yake gani ba, don ko na tambaye shi sai ya ce komai.

Da asuba, yana alwala, na kwance jakunkuna. Leshin matarka uku, da tukunyar, da takalman, na miƙa wa matar da ke kula da masaukin na ce ta ajiye, in an zo nema ta bayar, in ba a zo ba ta yi yadda ta ga dama. Ban faɗa wa Baba ba, don ba zai yarda a bar amanar wani a hanya ba. Ka yi fushi in ka so. Matarka za ta iya zuwa biki da tsohon kaya.

Ana kiranmu, za mu tashi.

Auta

Alhamis da hantsi, daga masauki na biyu

Yaya,

Ban san ko ta jiya ta iso ka ba. Ba ni da lafiyar da zan ba ka labari. Ka taimake ni.

Jiya da yamma ƙaramar kwalbar maganin da ke jakata ta ƙare, na matsa ta har ta lotse, ko ɗigo babu. Na ce wa Baba ya ba ni sabuwar da muka taho da ita, don shi ya shirya kayan a birni. Ya ce, "Ɗauko leshin matar yayanki, mai ruwan zuma, tana tsakiyarsa."

Na ci gaba da juya kwalbar da ta ƙare a hannuna. Ya ce, "Auta, ba ki ji ba ne?"

Na ce, "Baba, na bar leshin a masaukin baya."

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "Shekara arba'in, duk abin da nake tsoron ya fashe a cikin yadi nake naɗe shi. Ai kin sani." Na sani, Yaya. Tabarau ɗin marigayiya Inna ma a cikin ƙyalle yake har yau. Na sani, amma fushinka ya rufe mini ido ban warware leshin ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Cewa ya yi in zuba masa shayi.

Yau ya tashi idon ya yi ja, kansa yana sara, ya ce yana ganin zobe-zobe a jikin fitila. Da aka fara tafiya bai yi taku hamsin ba ya durƙusa. Sauri-Sauri ya duba agogo, ya ce yana da mutum goma sha shida da jirgi zai bari in ya tsaya. Ban ga laifinsa ba, amma na riƙe masa riga ina kuka a gaban mutane, ni da nake tsawata wa ɗalibai arba'in a aji. Ya ɓamɓare hannuna a hankali ya ce zai sanar da ofis. Sun tafi. Muna nan mu biyu da mai masaukin, wani tsoho mai jaki ɗaya.

Ga yadda abin yake. In mun koma baya neman kwalbar, wuni guda ne, kuma tsohon ya ce matar takan sauka kasuwa ranar Alhamis ta kulle ɗaki. In mun yi gaba, da jaki, kwana ɗaya da rabi ne zuwa titi. Jirgi gobe da safe zai tashi. Na lissafa ta kowace hanya, ba ta fita.

Na tambayi Baba. Ya ce, "Gaba." Na ce idonka fa? Ya ce, "Idon ai don gaban na taho da shi." Ya yarda mu bar duk yadin da ya saya a nan, yana shafa kowanne yana faɗin sunan mai shi. Kwalin zaren ne kawai ya rungume ya ce ko za a bar shi a dutsen ba za a raba su ba.

Ka kira su. Ka ce su riƙe jirgin, ko su turo mota gindin dutse da magani. Ka yi musu kuka in ya kama, ni na riga na yi nawa. Kuma ka faɗa mini abin da zan yi, don ni kaina ya ƙulle. Ina tsoron in kai shi bakin ruwan nan ya tsaya ya ce mini ya yi kyau, alhali duhu yake kallo.

Auta

Juma'a, daga ofishin akawu

Auta, ƙanwata,

Ina roƙon Allah takardar nan ta same ku da sauƙi. Ni ban san me zan ce game da kaina ba.

Motar abinci ta lalace a hanya ranar Laraba, sai yau takardunki biyu suka zo a haɗe. Na karanta su a zaune. Na koma na ɗauko ta farko, na karanta layin nan ba sau biyu ba, sau goma. A fili yake, Auta. Ni ne ban so in gani ba, don in na gani sai na biya ninki biyu. Ina ta maganar leshi ubana yana makancewa. Ba ke kika jefar da maganin ba, ni na ɗora miki kayan da suka sa kika jefar.

Na bar wajen aiki ba da izini ba, na biyo motar zuwa nan, tun safe ina kan waya. Jirgin ya tashi, sun ce ba ya jiran kowa. Na yi musu ihu, na yi musu magiya, daga ƙarshe dai akawu ya karɓe wayar ya yi magana da su da hankali. Sun yarda mota za ta jira ku a gindin dutse gobe Asabar da azahar. Magani kuma sun ce ba aikinsu ba ne.

Kin ce in faɗa miki abin da za ki yi. Daga gindin dutse ku wuce asibitin ido na birni kai tsaye, kada ku tsaya ko'ina. Na yi magana da malamin jinyar sansaninmu, ya ce irin wannan ciwon kowace awa tana da muhimmanci. A ceci abin da ya rage. Teku ni zan kai shi da kaina in ya warke, a jirgi mai kyau, ko zan sayar da babur ɗina. Ki faɗa masa haka. Ki ce masa ɗansa yana roƙon ya yafe masa.

Na nemi hutu, sun ce sai Laraba. Ki rubuto ko layi ɗaya ne, ina nan ofishin ba inda za ni.

Yayanki

Litinin, daga barandar asibiti

Yaya,

Sallama. Ka kwantar da hankalinka, muna asibiti tun ranar Asabar da yamma. Ciwon kan ya sauka, Baba ya ci abinci, har ya fara gyara wa masu jinya ɗinkin rigunansu da baki. Na turo maka layi ɗaya a waya kamar yadda ka ce. Wannan ita ce cikakkiyar, kuma ba hotonta zan turo ba, ta gidan waya za ta zo.

Ban bi maganarka ba. Gara ka ji daga bakina.

Mun sauko a kan jakin tsohon nan, Baba a sama, ni a ƙasa ina riƙe da ƙafarsa. Takardarka ta shigo muna isa titi. Na karanta masa duka, har wajen babur. Ya ce, "Yaron nan har yanzu bai iya ƙarya ba. In na warke, in ji wa?" Muka shiga mota. Bayan ɗan lokaci direban ya tsaya a wata mararraba, ya ce hagu asibiti, awa uku, dama bakin teku, minti arba'in. Baba yana rungume da kwalinsa. Bai roƙe ni ba, Yaya, da ya roƙa ma da na iya ƙi. Na ce wa direban dama.

Ba tashar jirgin muka je ba, wani wuri ne da masunta suke shanya raga. Kuma ranar babu rana. Gajimare ya rufe sama, ruwan ya yi wani iri, ba kyan gani, ko kusa da na kalanda bai kai ba. Zuciyata ta karye. Na kama hannunsa har inda yashi ya jiƙe, na juya fuskarsa wajen ruwan, na jira ya ce ya yi kyau.

Bai ce ba. Ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya daɗe yana juya kai a hankali kamar mai neman kafar allura. Sai ya ce, "Buɗe kwalin."

Ka san zaren nan duk girmansu ɗaya, kuma sun hautsine a kan jaki, ba mai gane su da hannu. Ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya yana ɗagawa saitin ruwan, yadda yake yi a ƙofar shago in zai haɗa zare da yadi. Ya ɗaga shuɗi mai haske, irin na kalandar sak. Na ce a raina in ya zaɓi wannan, shi ke nan, daga ƙwaƙwalwa yake gani. Ya dube shi, ya dubi ruwan, ya mayar da shi kwali. Ya ɗaga wani shuɗin ya mayar. Ya fi guda ashirin yana ɗagawa. Can ya tsaya a kan wani ruwan toka mai ɗan kore-kore, mummuna, wanda ban san ma ya saya ba. Ya matsar da shi, ya dawo da shi, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Auta, ashe shekara arba'in mutanen nan cutata suke yi. Ai ba shuɗi ba ne."

Na karɓi zaren na ɗaga da kaina. Yaya, ba ka iya gane inda zaren ya ƙare ruwan ya fara. Na zauna a kan jiƙaƙƙen yashin na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar Inna, shi kuma yana tsaye yana ce mini in tashi kada in ɓata zanena.

Likita ya duba shi jiya. Ya ce abin da ya rage haske ne da inuwa, da wuya kala ta dawo. Na tambaye shi ko awa biyun da na kashe a bakin ruwa su suka jawo. Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba. Da wannan zan zauna, kuma in ka zo Laraba kana da ikon faɗa mini duk abin da ka ga dama.

Baba ya ce in gaishe ka, ya ce babu abin da za a yafe. Ya ce kada kowa ya cire kalandar duk da ƙaryarta. Ya sa na yanko maka kamu ɗaya na zaren don kai ma ka ga teku, tunda kai ka biya. Ka buɗe ambulan ɗin a hankali. Ya naɗe shi a cikin ƙyalle, ka san halinsa.

Ƙanwarka,
Auta